Ta rubuta maka, ko ka rubuta ta duba maka?

Maganar a yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen rubutu ko kada a yi ta riga ta wuce mu. ChatGPT tana hannun jama'a tun ƙarshen Nuwamban 2022, a Afrilun 2024 kuma kamfanin Meta ya kawo Meta AI cikin WhatsApp ɗin 'yan Najeriya ba tare da kowa ya roƙa ba. Ɗalibin da ke haɗa kundin kammala karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko a ta jiha da ke Aliero, malamar firamare a Jega mai shirya darasi, sakataren ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu, mai shagon buga takardu a bakin makaranta, duk suna yawo da ita a aljihu. Abin da ya rage shi ne yadda za a riƙe ta, kuma a nan hanya ta rabu biyu.

Ta farko, ka buɗe manhaja ka ce, "Rubuta mini babi na biyu a kan matsalar adana albasa a Aliero," ka kwashe abin da ta ba ka, ka sauya kalma biyu ko uku, ka ɗora sunanka. Ta biyu, ka zauna ka rubuta naka da duk gurguntakarsa, sannan ka miƙa mata ka ce ta nuna maka inda magana ba ta fita ba, inda ka maimaita kanka, inda nahawu ya karye, kai kuma ka zaɓi abin da za ka karɓa. Ba zan ɓoye ba, ina gefen ta biyu a duk rubutun da wata rana za a tsayar da kai a tambaye ka a kansa. Sai dai ta farkon ma tana da wurinta, ta biyun kuma tana da ramukan da masu yabonta ba su cika ambata ba.

A wajen sauri babu gasa. Kafin shayinka ya huce ta farko ta cika maka shafi biyar, ta biyu kuwa sai ka yi kwanaki kana fama da littafi da biro da cajin waya. Kuɗin data bai raba su ba, domin rubutu zalla ba ya cin data kamar bidiyo. Wanda sauri kaɗai yake nema ya riga ya sami amsarsa.

Inda suka rabu da gaske shi ne wajen gaskiyar abin da aka rubuta, kuma ba za a gane wannan ba sai an san yadda na'urar take aiki. An ciyar da ita rubutu mai ɗimbin yawa, akasarinsa na Turanci, har ta ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Aikinta ke nan: jera magana mai kama da wadda mutane suke rubutawa. Idan abin da ka tambaya an yi rubutu da yawa a kansa, hasashenta yakan faɗa daidai. Idan an yi kaɗan, ba lallai ta yi shiru ba, sau da yawa takan cike gurbin da abin da ya yi kama da amsa, cikin murya ɗaya da wadda take faɗin gaskiya. Ta yi kama da maroƙin da ya iya salon kirari: ko bai san kakanka ba, zai ƙago maka shi, har da garin da ya ci da yaƙi.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A Yunin 2023 wani alƙalin kotun tarayya a birnin New York na Amurka ya ci wasu lauyoyi biyu da kamfaninsu tarar dala 5,000, a ƙarar da wani fasinja ya kai kamfanin jiragen sama na Avianca. Laifinsu, sun gabatar wa kotu tsofaffin shari'u shida a matsayin hujja, da sunaye da lambobi da komai, alhali ba a taɓa yin ko ɗaya daga cikinsu ba. ChatGPT ce ta ƙaga su. Lauyoyin Amurka ke nan, a kan dokar Amurka da aka cika intanet da rubutu a kanta. To, ina ga wanda yake tambaya a kan Kebbi?

Dubi yadda al'amuranmu suke a sarƙe ga wanda bai san gida ba. Sarkin Gwandu yana zaune a Birnin Kebbi, garin Gwandu kuma yana can da ƙaramar hukumarsa. Sarkin Kabi yana Argungu. Surame, birnin Kanta, yau yana cikin jihar Sakkwato. Jihar kanta sai a ranar 27 ga Agustan 1991 aka cire ta daga Sakkwato, don haka yawancin abin da aka rubuta a kan noma ko ilimi ko lafiya a wannan yanki kafin lokacin, da sunan Sakkwato yake. Yaron Birnin Kebbi ya san wasu daga cikin waɗannan tun yana firamare. A irin wannan wuri ne na'ura take zamewa, ta haɗa abin da bai haɗu ba, ta kuma rubuta shi da Turanci mai santsi. Idan ka ce ta kawo maka manazarta a kan rudun da manoman Aliero suke adana albasa a ciki, tana iya jera maka sunayen marubuta irin namu, da shekara, da sunan mujalla, da lambar shafi, ka je nema ka tarar babu wannan maƙalar a duniya. Mai hanyar farko ba shi da yadda zai gane, domin bai karanta komai ba balle ya ji wani abu ya yi masa banbaraƙwai. Mai hanya ta biyu shi ya kawo hujjojinsa daga abin da ya karanta da abin da ya gani a gona da kasuwa, na'ura ba ta sami ƙofar cusa nata ba, in ma ta cusa zai gani.

Wasu manhajojin yanzu suna iya leƙa intanet su kawo amsa tare da mahaɗin shafin da suka ɗauko. Wannan ya rage matsalar, bai kawar da ita ba. Sai ka danna mahaɗin ka karanta da idonka, domin akan sami shafin yana nan amma bai faɗi abin da aka jingina masa ba.

A rubutun addini kuwa, hanyar farko ba abin kusanta ba ce. Mai shirya nasiha don majalisi, ko mai rubuta tunatarwa a Facebook, kada ya ɗauki aya ko hadisi ko fatawa daga bakin na'ura. Tana iya ba ka matani mai daɗin ji ta ce yana cikin Buhari, har da lamba, alhali ba haka yake ba. Kowa ya san gargaɗin da ya zo a kan wanda ya jingina wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da bai faɗa ba. Littafi yana nan, malamai suna nan, a ƙasar da Shehu Abdullahi na Gwandu ya bar tarin rubuce-rubuce ba a rasa inda za a duba ba. Abin da na'ura za ta iya yi maka a nan shi ne gyaran jimlolinka na bayani, bayan ka tabbatar da nassin a inda ya dace.

Sai harshe. A Turanci, hanya ta biyu tana da amfani na gaske, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Da yawanmu mun san abin da muke son faɗa, Turancin ne yake yi mana gardama. Na'ura takan kama kuskuren lokaci, da harafin da aka tsallake, da jimlar da ta yi tsawo har ta manta farkonta. In ka ce ta bayyana maka dalilin kowane gyara, bayan wata biyu za ka ga kai da kanka ka daina wasu kurakuran. Mai hanyar farko Turancinsa yana nan inda ya bar shi, sai dai takardarsa ta fi shi iya magana, kuma malamin da ya karanta amsoshinka na jarrabawa shekara huɗu ya san muryarka.

A Hausa lissafin ya sauya. Hausar da ke intanet kaɗan ce in an gwada da Turanci, kuma da yawa daga cikinta ta kafafen labarai ce, mai bin daidaitacciyar Hausa. Don haka idan ka ce na'ura ta rubuta maka da Hausa daga farko, sau da yawa abin da za ka samu Turanci ne aka saka wa kalmomin Hausa: jimla a miƙe amma ba yadda Bahaushe yake ɗora magana ba, jinsi yana rikicewa, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ tana ɓacewa nan da can, karin magana kuma wani lokaci sai ta ƙaga wanda ba a taɓa ji ba. Ko a hanya ta biyu sai an yi hattara. Ɗalibin da ya yi hira da wani dattijo a Gwandu ko Argungu ya rubuta maganarsa yadda ta fito, da "munka tahi" da "sunka ce", idan ya miƙa wa na'ura ya ce ta gyara, tana iya mayar masa da "muka tafi" da "suka ce", a ganinta ta yi aiki. Ta goge shaidar da aka je nema ke nan. Haka marubuciyar labari da ta sa tsohuwa tana magana da harshen gida. Maganar mutanen da ka ɗauko, kada ka ba ta ta taɓa, ko kuma ka gaya mata ƙarara cewa abin da ke cikin alamar zance ba nata ba ne. Mai rubutu da Dakarci ko Kambarci ko Zabarmanci kuwa, rubutun waɗannan harsuna a intanet bai kai ko na Hausa ba, gara ya nemi ɗan gida ya duba masa.

Tambayar da ɗalibai suka fi yi ita ce, "Za a kama ni?" Ina ganin an ɗora wa manhajojin gano rubutun na'ura nauyin da ba su iya ɗauka. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya fitar da irin wannan manhaja a Janairun 2023, ya janye ta a Yulin shekarar saboda ba ta cika faɗa daidai ba. A shekarar dai, masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan manhajoji guda 7 a kan rubuce-rubuce 91 na ɗaliban da Turanci ba harshensu na gida ba ne, sai ga shi fiye da rabi an ce na'ura ce ta rubuta, alhali mutane ne. Dalilin, wanda ya koyi Turanci a makaranta yakan yi amfani da kalmomin da aka saba da su, manhajar kuma wannan take ɗauka a matsayin alama. Ma'ana, ɗan Kebbi da ya yi aikinsa da guminsa yana iya shiga zargi, wanda ya kwafa ya ɗan jujjuya kalmomi kuma ya wuce. Malaman da ke karanta wannan, don Allah kada lambar da manhaja ta nuna ta zama ita kaɗai ce hujjar kayar da ɗalibi.

To amma kada mai hanyar farko ya yi murna. Abin da yake kama mutum ba manhaja ba ce, ranar kare kundi ce. Malami ya ɗaga kai ya ce, "Malam, a shafi na 23 ka ce kaza, daga ina ka samo?" Ko ya ce ka rufe takardar ka faɗa da bakinka me ya sa ka zaɓi wannan hanyar bincike. Nan ne ake gane kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya rubuta nasa, ko Turancinsa ya sarƙe, zai koma Hausa a zuciyarsa ya nemo amsar, domin tana nan. Kuma in an zarge shi bisa kuskure yana da abin nunawa: daftarin farko da ya rubuta da hannu, takardun tambayoyin da aka cike, hotunan shafukan da ya karanta. Don haka duk mai bin hanya ta biyu ya adana tsofaffin daftarinsa, kada ya goge. Babi na huɗu kuwa, inda ake kawo sakamakon bincike, wanda ya ce na'ura ta ƙago masa amsoshin manoma 150 da bai taɓa gani ba, wannan ya bar maganar taimako, ƙarya ce tsagwaronta, ko da hannu ya ƙaga su hukuncin ɗaya ne.

Yanzu ramukan hanya ta biyu. Na farko, waɗannan manhajoji suna da daɗin baki. Ka miƙa musu rubutu mai rauni su fara da yabo. In kana son amfani, sai ka tambaya da kyau: ka ce ta kawo maka wurare uku mafi rauni a hujjarka, ko ta yi maka tambayoyin da mai jarrabawa mai tsanani zai yi, ko ta faɗi abin da wanda bai yarda da kai ba zai ce. Na biyu, kuma wannan ya fi wayo, shi ne zamewa a hankali. Yau ka ce ta gyara jimla, gobe ka ce ta "inganta" sakin layi, jibi ka ce ta faɗaɗa shi, kafin ka ankara ka koma hanyar farko ta ƙofar baya. Maganin da na fi yarda da shi shi ne ka hana ta sake rubutawa: ta lissafa kurakuran kawai, kai ka gyara da hannunka. Yana da ɗan wahala, amma rubutun yana nan naka. Duk jimlar da ta ba ka wadda ba za ka iya bayyana ta ga ƙanenka da Hausa ba, cire ta.

Na uku shi ne sirri, kuma a nan hanya ta biyu ta fi ta farko haɗari, tunda ita ce take sa ka liƙa takardunka na gaske. Abin da ka tura yana tafiya kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, wasu kamfanonin kuma suna amfani da hirarrakin wajen ƙara horar da na'urarsu sai in ka shiga saiti ka kashe. Saƙon da ka aika wa Meta AI ba kamar wanda ka aika wa ɗan'uwanka a WhatsApp ba ne, kamfanin ne yake karɓarsa. Ma'aikaciyar jinya da ke rubuta rahoto, akawun ƙungiya mai jerin sunayen mambobi da lambobin BVN da NIN, malamin da ke da sakamakon ɗalibai, mai rubuta takardar gado ko ta rikicin aure, duk su cire sunaye da lambobi kafin su liƙa, ko su haƙura gaba ɗaya. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, amma ko babu doka, amanar mutane ce a hannunka.

To ina wurin hanyar farko? A rubutun da kowa ya san tsari ne, ba tunani ba. Takardar neman izinin hutu, sanarwar taron ƙungiya, wasiƙar neman a gyara famfon unguwa, tsarin takardar neman aiki, tallan shinkafa ko albasa da za a saka a WhatsApp. Wanda bai taɓa rubuta wa ofis wasiƙa ba, da can sai ya je wurin mai buga takardu ya biya a ɗauko masa tsohon samfuri, ban ga bambancin wannan da tambayar na'ura ba. Sharaɗin dai, kai za ka ba ta gaskiyar bayanin, kwanan wata da adadi da abin da ake nema, kuma ka karanta kowane layi kafin ka sa hannu. Takan ƙara abin da ba ka faɗa ba don takarda ta yi kyau, sai ka ga mai neman aiki ya zama yana da ƙwarewar shekara biyar da bai san da ita ba. Haka nan tana da amfani kafin a fara rubutu: ta taimaka maka tsara kanun babi, ko ta sauƙaƙa maka wata maƙala mai wuyar Turanci da ka riga ka samo da kanka, ka koma ka karanta asalin da fahimta.

Game da wace manhaja za a ɗauka, ba zan daɗe ba, domin suna sauyawa duk bayan 'yan watanni, wadda ta fi yau gobe an wuce ta. ChatGPT ta OpenAI, Gemini ta Google, Claude ta Anthropic, Copilot ta Microsoft, duk suna da ɓangaren kyauta mai iyaka. Na biya a ChatGPT da Claude yana kaiwa dala 20 a wata, kuɗin da ban ga dalilin ɗalibi ya kashe don gyaran nahawu ba. Meta AI ta fi sauƙin samu tunda tana cikin WhatsApp, amma akwatin hira ba wurin aikin babi guda ba ne. Gwajin da ya fi kowane talla shi ne ka tambayi biyu ko uku daga cikinsu abin da ka sani sarai, tarihin garinku ko yadda ake noman rani a fadamarku, sannan ka ba su sakin layi ɗaya na Hausarka su duba. Wadda ta fi saurin cewa ba ta da tabbas, ta kuma rage taɓa abin da ba a sa ta ba, ita ce ta aiki.

Saura maganar bayyana cewa ka yi amfani da ita. Tun Janairun 2023 mujallar kimiyya ta Nature ta ce ba za a sa irin wannan na'ura cikin jerin marubutan maƙala ba, domin ba ta iya ɗaukar alhakin abin da aka rubuta, wanda ya yi amfani da ita kuma ya bayyana hakan a cikin aikin. Wannan ma'auni ya dace da kundin ɗalibi. Kafin ka fara, je ka sami malamin da ke duba aikinka ka ce, "Malam, ina son in yi amfani da ita wajen duba nahawu kawai, ya halatta a sashen nan?" Dokar sashe tana gaba da ra'ayina da naka, in ya ce a'a, sai a koma ga ƙamus da abokin karatu mai ido. In ya amince, layi ɗaya ya isa a shafin godiya ko a babin hanyar bincike: sunan manhajar, da aikin da ta yi, wato duba nahawu da tsarin jimla, da cewa bayanai da hujjoji da sakamako duk naka ne.